Neman shawara: in saka wakilin suna a ƙasan imel ɗin aiki ko in bari?

Baban Yusra: Assalamu alaikum jama'a. Na fara koyarwa a wata jami'a a arewacin Ingila. Bizata a hannunsu take, ina cikin lokacin gwaji, iyali ba su daɗe da isowa daga Zariya ba, ga haya, ga kuɗin makarantar renon yarinya. Ofishin kula da ma'aikata ya turo mana samfurin abin da za mu rubuta a ƙasan imel: suna, muƙami, tsangaya, lambar ofis, tambarin jami'a, sai layin wakilin suna, wato he/him ko she/her. An ce ba dole ba ne, amma kowa a sashenmu ya saka, har shugabarmu. Sunana da "a" ya ƙare, ɗalibai suna ta rubuto mini a matsayin mace. In na saka, ina gudun a ce na goyi bayan aƙidar mutum ya zaɓi jinsinsa da kansa, abin da ban yarda da shi ba. In na bari, kar a sa mini ido. Barci ma ya gagare ni.

Kawun Bradford: Wa alaikumus salam. Kada ka saka, magana ta ƙare. Dokar daidaito ta 2010 ta kare addini da aƙida, ba mai korar ka a kan wannan. A Amurka ma, a Janairun 2025 an umarci ma'aikatan gwamnatin tarayya su cire shi. Ka rubuta Dakta, ya wadatar.

Maman Haidar: Kawu, ai Dakta ba ya nuna namiji ko mace. Kuma Amurka daban, nan daban. Ni na saka she/her, gaskiya ce kawai na faɗa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sunana: sun cire mini ƙugiyar "ɗ" a imel da katin shaida, na yi ta kai ƙorafi, shiru.

Kawun Bradford: Hajiya, da haka ake farawa. Na daɗe a ƙasar nan.

Abban Walid: Malam, ko me ka zaɓa, ka duba wayarka. Na gyara nawa a Outlook (manhajar imel) na kwamfuta, ashe na waya daban ne, ina ta tura wa ɗalibai saƙo ba suna ba muƙami.

Baban Yusra: Na gode. Amma Kawu, ban ce za a kore ni ba, shugabar ce za ta rubuta rahoton gwajina. Hajiya kuma ke ma'aikaciyar dindindin ce, halinmu ba ɗaya ba. Shi ya sa har yanzu ban saka komai ba, sunana kawai nake rubutawa da hannu.

Maman Haidar: To ka tambayi limamin masallacinku mana.

Baban Yusra: Na tambaya tun makon jiya, ya ce zai duba. Akwai wanda ya gama gwaji a nan ba tare da ya saka ba?