Wai CA 19-9 gwajin banza ne?

Dakta Sani: Gaskiya na gaji da masu rubuta gwajin jinin nan na CA 19-9 don neman kansar fankiriyas (gaɓar da ke samar da insulin) a jikin mai lafiya. Gwajin banza ne. Toshewar bututun madaci kaɗai kan sa ya haura iyakarsa ta 37 U/mL, a tayar wa mutum hankali.

Malam Haruna: Banza fa, Dakta? Ai ba don tantance masu lafiya aka yi shi ba. Bayan tiyatar kansar ake bibiyarsa, in ya sake hawa a koma hoto. Mai ciwon shawara kuwa, a buɗe bututun, bilirubin (sinadarin da ke sa ido rawaya) ta sauka, sannan a sake aunawa.

Dakta Hauwa: Malam, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na mutane ba su da antijin ɗin Lewis, wata alama ta rukunin jini, jikinsu ba ya samar da CA 19-9 ko kansar ta yi nisa. A wurinsu ai banzan ne.

Malam Haruna: To a ce "ga wasu". Laifin mai rubutawa ne, ba na ɗakin gwaji ba.

Dakta Usman: Ku bar maganar jini. In ƙulli mai ruwa ne a fankiriyas, a zuƙo ruwan da allura ta EUS, wato na'urar hoto da ake zurawa ta baki. Sinadarin CEA sama da 192 ng/mL a ruwan alamar ƙulli mai yauƙi ce, irin da ka iya zama kansa, amma ba ta ce kansa ba.

Dakta Hauwa: Sukarin ruwan ya fi sauƙi. Ƙasa da 50 mg/dL yana nuna mai yauƙi, ɗigo kaɗan ya isa. CEA kuwa in ruwan ya yi kauri ko ya yi kaɗan, an tashi a tutar babu.

Malam Haruna: Ƙwayoyin gado ne ke raba gardama. Sauyin GNAS na nuna IPMN, ƙulli mai yauƙi na cikin bututun fankiriyas, VHL na nuna ƙullin serous, mai ruwa marar yauƙi, wanda ba kasafai yake zama kansa ba, TP53 ko SMAD4 kuwa abin ya fara nisa.

Dakta Usman: Ranka ya daɗe, wuƙa ba ta shiga don takardarku. Faɗin babban bututun fankiriyas ya kai milimita 10, ko tsiro a bangon ƙullin ya kai milimita 5, ko shawara ta toshewa, waɗannan muke dubawa.

Malam Haruna: Da ma ku masu tiyata, komai wuƙa.

Dakta Sani: Jama'a, ni kan masu lafiya na yi magana fa.

Malam Haruna: A taƙaice dai an yarda CA 19-9 yana da amfani, kuma ɗakin gwaji ne ke faɗin irin ƙullin. Dakta Sani ya janye kalmarsa.

Dakta Sani: Yaushe?