In an karɓe gida saboda bashi, har da kayan ɗan haya?

Maman Sadiya: Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Gidan da ƙanwata take haya a Aboabo, nan Kumasi, ashe maigidan ya jinginar da takardunsa a wani kamfanin bada lamuni ya kasa biya. Ran Talata tana kasuwar Kejetia wajen sayen yadi sai ga waya wai ta zo an ɓalle ƙofarta, kafin ta iso wasu ƙarti sun watso kayanta waje cikin ruwan sama, kekunan ɗinkinta biyu da firij sun loda a aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, sun tafi da su, har da atamfofin mutane da aka kawo ɗinki. Kuma saura wata 9 adbans ɗin hayarta ya ƙare.

Alhaji Tanko: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri. Amma gaskiya ɗaya ce ɗiyata, in masu bashi suka karɓe gida duk abin da suka tarar ciki ya zama nasu, na ga haka da idona a Asawase ba sau ɗaya ba. Ta bi maigidan, shi ya cuce ta.

Rabi'u: Baba Alhaji a gafarce ni, abin da ka gani ya faru amma ba haka doka ta ce ba. Gida aka jinginar, ba keken Anti ba, ita ba ta sa hannu a komai ba. Dokar masu bashi da masu bada bashi ta 2020, lamba 1052, ta yarda su karɓi jingina ba sai an yi shari'a ba, wannan gaskiya ne, amma sai sun ba wanda ake bi notis a rubuce na kwana 30, su kai magana rajistar jingina da ke ƙarƙashin Babban Bankin Ghana a basu takardar ba ƙorafi, in kuma shiga cikin lumana ya gagara to kotu za su koma neman waranti su zo da 'yan sanda, ba ƙartin haya ba. Kuma duk wannan a kan abin da aka jinginar ne kaɗai.

Malam Bashiru: Ko a addini haka ne. Jingina tana cikin Baƙara aya ta 283, amana ce a hannun mai bin bashi, in an sayar ya ɗauki haƙƙinsa ya mayar da ragowa. Balle dukiyar wadda ba ta ci bashin ba, wannan ƙwace ne.

Alhaji Tanko: Malam na yarda zalunci ne. Rabi'u kai yaro ne, takarda kake karantawa. Ka taɓa zaman kotu a Adum? A ɗaga yau a ɗaga gobe, kuɗin loya ya ninka kuɗin keken, ita ta bar shago tana jele, su kuma suna da loyoyi a kan albashi. Talaka da mai kuɗi a gaban alƙali, haba.

Hajiya Lami: Nan kam Alhaji ya faɗi gaskiya, ɗage shari'a yana kashe mutum. Ni a ganina a kai wa Sarkin Zongo ya kira su. Amma cewa kayan sun zama nasu ban yarda ba sam, to atamfofin mutane fa? Su ma sun ci bashi ne?

Rabi'u: Hajiya a je fada, ba laifi, sulhu ya fi sauri. Amma a je da hujja a hannu. Yau ɗin nan Anti ta ɗauki hoton ƙofar da abin da ruwa ya ɓata, ta rubuta duk abin da ya ɓace da farashinsa, ta nemo risit ɗin keke da na haya, makwabtan da suka ga lodin a rubuta sunansu. Ta kai rahoto ofishin 'yan sanda, ko sun ce ba maganarsu ba ce ta nace a rubuta. Maganar kuɗin loya kuma Baba, akwai Ligal Eid, hukumar gwamnati ce ta marasa ƙarfi kuma suna da ofis a Kumasi. Za a iya neman a dawo da kayan, ko kuɗinsu, da diyyar kwanakin da ba ta yi aiki ba. Doka ta bada shekara 6 a irin wannan ƙara amma kada a jira, in suka sayar da kekunan magana ta ƙara tsawo.

Maman Sadiya: To ɗakin fa ƙanena? Yanzu a falona take kwana da yara uku.

Rabi'u: Yaya wannan daban ne, loya zai duba wanne ya riga, hayar ko jinginar. Ta je Rent Kontrol, ofishin gwamnati mai kula da rigimar haya, da risit ɗinta, dokar haya ta 1963 ta ba kotu ne ikon tashin ɗan haya. In kamfanin mai lasisi ne ana kai ƙorafinsa Babban Banki ma.

Alhaji Tanko: Ni dai har yanzu ban ga wanda ya ci irin wannan shari'a ba. Amma in fada za a je ku faɗa min rana, zan yi muku gaba.

Maman Sadiya: Mun gode Baba. Risit ɗin keke ɗaya yana wurina, ni na saya mata. Rabi'u turo min kwatancen ofishin nan, gobe da safe za mu je.