Waya mai siraran zaruruwa tana sakewa a bakin kwantirola, yaya zan ɗaure ta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Masu aikin wuta, ina neman shawara. Wayar da ke tsakanin batir da kwantirolan sola (na'urar da ke daidaita cajin batir) mai kaurin 16mm² ce, irin mai laushin nan da zaruruwanta suke sirara kamar gashi. Ina matse sukuru sai wasu su baje gefe, bayan ɗan lokaci kuma ta yi sako-sako, robar wajen har ta fara baƙi. An ce in shafa wa bakinta dalma ta zama dunƙule ɗaya. Haka ake yi?

Tsohon ma'aikacin wuta: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka rabu da dalma. Ƙarfe ne mai taushi, idan sukuru ya danne shi sai ya riƙa lotsawa a hankali, ga zafi da sanyi suna ƙara sassauta shi. Yau ka matse, gobe ya saki. Inda haɗi ya saki nan zafi yake taruwa, kuma wutar batir tana da yawa, baƙin da ka gani ke nan. Ferul za ka sa, ɗan bututun jan ƙarfen nan da ake zura bakin waya a ciki a matse.

Mai haɗa sola: Gaskiya Baba ya faɗa. Amma ferul sai da filayarta ta musamman, wadda ba ta buɗewa sai ta matse har ƙarshe. Filaya ta gama-gari lauya ta kawai take yi. Ka ɗauki mai lamba 16 daidai da wayar, ka duba lambar, kada ka bi launin roba, don tsarin launi ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni. Ka feɗe waya gwargwadon tsawon bututun, zaruruwa duka su shiga har bakinsu ya leƙo. Kada ka yanke ko ɗaya don ta shiga. Bayan ka matse, ka ja da ƙarfi ka gani.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To idan ferul ɗin ta ƙi shiga ramin kwantirolan fa? Ramin ƙarami ne.

Mai haɗa sola: Yana faruwa. Gwada filaya mai matsewa kusurwa huɗu, ta fi dacewa da irin wannan rami, ko ferul marar wuyan roba. In duk sun ƙi, akwai kan waya mai siririn harshe da ake matsewa haka nan.

Tsohon ma'aikacin wuta: Kafin ka taɓa komai, cire wayar farantan sola tukuna, sannan ta batir. Yanke bakin da ya ƙone har ka iske jan ƙarfe mai sheƙi. Takardar kwantirolan tana faɗin ƙarfin matse sukuru da Nm (ma'aunin ƙarfin murɗawa), shi za ka bi. Ka kuma ɗaure wayar a jikin bango kusa da wajen, kada nauyinta ya rataya a kan sukurun. Idan ƙarfen ramin kansa ya ƙone, sai an canja shi, matsi ba zai gyara shi ba.