Babur da iskar farkon damina: kowa ya faɗi abin da ya gani

Sabon mahayi, Daura:
Salamu alaikum yayyena. Damina ta ƙarato, ni kuma ban daɗe da sayen Boxer ba. In iskar hadari ta ritsa da ku a fili, kamar tsakanin Daura da Kazaure, yaya kuke yi?

Tsohon ɗan acaɓa, Funtuwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ƙanƙame kan babur. Saki hannu kaɗan, matse tanki da gwiwoyi, sauko da giya, ka ɗan karkata ta inda iskar ke busowa. Amma ni tirela na fi tsoro. Ka riga ka karkata, sai ta zo ta tare maka iskar, babur ya zube wajenta. Tana wucewa kuma iskar ta sake makarka. A hanyar Zariya na ga wani da buhun masara biyu a baya, haka ta jefa shi cikin kwalbati, masara ta watse a kwalta. Allah Ya sa da sauran kwana. Da na hango babbar mota nake rage totur in koma gefe tun daga nesa.

Ɗan kabu-kabu, Maraɗi:
Mu nan rairayi ne matsalar. Gabas ta yi ja, kafin ka ankara ƙura ta rufe hanya, rairayi ya hau kwalta. Ka taɓa birkin gaba da ƙarfi a kansa, ka sha ƙasa. Rawani yana tare hanci, ido kuwa sai hular kwano mai gilashi. A kunna fitila ko da rana tsaka ne.

Wata malama, Zariya:
Ku tuna da mu na baya. Iska ta taɓa cusa gefen hijabina cikin tayar baya, sai da wuyana ya yi sati yana ciwo. Yanzu tattare shi nake yi in danne a cinya. Masu babbar riga, ku ma haka.

Mai kai kaya, Gusau:
Katifa, kwanon rufi, faranti na sola: ranar iska ko nawa za a biya ba na ɗauka. In ta yi tsanani tsayawa nake yi.

Tsohon ɗan acaɓa, Funtuwa:
Tsayawar ma a duba wuri, Alhaji. Ban da gindin darbejiya, ban da ƙarƙashin allon talla ko falwayar lantarki. Nemi bayan ginin siminti ta yamma, tunda daga gabas take zuwa, ka juya babur ya jingina da bangon.