Waɗanda suka taɓa cin babbar kyauta: yaya kuka kare kanku da iyalinku?

Mai Neman Shawara

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wani kamfani da nake hulɗa da shi ya jefa ƙuri'a tsakanin abokan cinikinsa, sai sunana ya fito a babbar kyauta, wadda yawanta ya zarce abin da zan tara a shekaru masu yawa na aiki. Na je ofishinsu da ƙafata na tabbatar da cewa gaskiya ce, ba aikin 'yan damfara ba ne. Sun sa mini ranar karɓa, sun kuma ce za a yi ƙwarya-ƙwaryar biki, a ɗauke ni hoto riƙe da ƙaton ceki, a buga a jaridu da shafukansu na intanet. Tun da na ji wannan bayani hankalina bai kwanta ba, domin ina da mata da ƙananan yara, gidanmu kuma ba shi da wani tsaro na a zo a gani. Ban kawo maganar don muhawara a kan hukuncin caca ba, wannan fagen malamai ne, ni kuma ban sayi tikitin komai ba. Roƙona shi ne duk wanda irin haka ta taɓa faruwa da shi, ko da wani nasa na kusa, ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Maman Tagwaye

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka, ya raba ka da sharrin da ke biyo bayan abin. Maigidana ya taɓa cin irin wannan kyauta, kuma hoton nan da kake magana a kai shi ne mafarin duk wahalar da muka sha. Da safe aka ɗauke shi, kafin yamma wayarsa ta shiga ruri ba ƙaƙƙautawa. Da farko dangi ne da abokai masu taya murna, wanda ba laifi ba ne. A bayansu sai ga mutanen da rabonsa da su tun yana yaro, sannan waɗanda ba mu taɓa gani ba, kowa da takardar asibiti ko labarin bashin da ya sha masa kai. Na tabbata wasu gaskiya suke faɗa, kuma har yau ina jin tausayinsu, amma babu yadda za a yi mutum ya tantance mai gaskiya da maƙaryaci alhali tun asuba ake sallama a ƙofarsa.

Abin da ya sa muka tashi daga gidan gaba ɗaya kuwa a makarantar yara ya faru. Wani mutum ya je ya ce shi ƙanin babansu ne, an aiko shi ya tafi da su, ya ambaci sunayensu da ajinsu ba tare da kuskure ba. Malamar ajin, Allah ya saka mata da alheri, ta ƙi ba shi su, ta kira ni, kafin in iso ya sulale. Da muka zauna muna tunanin inda ya samo wannan bayani, sai muka gane cewa bai sha wata wahala ba: sunan maigidana yana jarida, shafinsa na Facebook a buɗe yake ga kowa, kuma akwai hotunan yaran sanye da kayan makaranta, bajen makarantar na nan raɗau a ƙirjinsu. Saboda haka shawarata ita ce ka bi shafukanka da na matarka tun yau, kafin sunanka ya fita. Ka cire hotunan yara, da na ƙofar gida, da duk wanda lambar mota ta bayyana a cikinsa, ka kuma rufe jerin abokanka. Ka je makarantar ka ba su a rubuce sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaran. Canjin gida da canjin makaranta da muka yi sun ci kaso mai tsoka na kyautar, ba a ma maganar zullumin da na kwana da shi wata da watanni.

Lauya Mazaunin Waje

Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Malam mai tambaya, abu na farko shi ne ka nemi cikakkun sharuɗɗan garabasar a rubuce, ka kai wa lauyan da kai ka zaɓa, ba wanda kamfanin ya nuna maka ba, domin amsar ko kana da ikon ƙin hoton tana cikin wannan takarda da kuma dokar ƙasar da kake. Dokokin sun bambanta ƙwarai. A Birtaniya wanda ya ci ƙuri'ar ƙasa yana da zaɓin ɓoye sunansa, kuma yana da kwana 180 na karɓar kyautarsa. A Amurka kowace jiha da nata tsarin: California tana bayyana sunan wanda ya ci, su kuwa Delaware da Maryland da Kansas sun yarda a sakaya shi.

Wata shari'a da aka yi a jihar New Hampshire ta Amurka a 2018 tana nuna muhimmancin abin da mutum ya fara yi. Wata mata ta ci kusan dala miliyan 560 a Powerball, wata babbar ƙuri'ar caca ta Amurka, ta rubuta sunanta a bayan tikitin kamar yadda aka saba shawartar mutane, sai daga baya ta gano cewa da ta rubuta sunan asusun amana da lauya zai buɗe mata, da sunanta bai shiga takardun da jama'a ke da damar gani ba. Sai da ta kai ƙara kotu kafin alƙali ya yanke hukunci a watan Maris na shekarar cewa a ɓoye sunanta, amma a bayyana garinsu. Ba tsoron banza ne ya kai ta kotu ba. A jihar Jojiya wani matashi, Craigory Burch, ya ci dala 434,272 a watan Nuwamban 2015, aka yaɗa hotonsa riƙe da ceki, a watan Janairun 2016 'yan fashi suka fasa gidansa suka harbe shi a gaban iyalinsa. A 2018 jihar ta yi dokar da ta ba wanda ya ci dala 250,000 zuwa sama damar ɓoye sunansa.

A aikina na taɓa tsaya wa wani da takardarsa ta wajabta masa halartar bikin talla. Ba mu iya soke bikin ba, amma da muka rubuta wa kamfanin muka bayyana fargabarsa, sun amince a yi amfani da sunansa na farko kawai, ba unguwa, ba wurin aiki, a kuma ɗauki hoton ta yadda ceki ya rufe fuskarsa. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin a Jamaika a 2019 wani ya je karɓar kyautarsa da abin rufe fuska, kuma an ba shi. Kamfani talla yake so, ba ya son a ce wani ya cutu ta dalilinsa, don haka ka nema a rubuce, ka kuma nema kafin ka sa hannu a kan komai. Bayan ka sa hannu ba ka da sauran abin ciniki da su.

Tsohon Ma'aikacin Banki

Barista ya yi bayanin ɓangaren suna, ni zan yi na asusu, domin na ga yadda ake kwashe kuɗin mutum yana zaune a ɗakinsa. Hanyar da na fi gani ita ce satar layin waya. Ɓarayin sukan tara bayanan mutum, su je wurin kamfanin sadarwa da takardun bogi su ce layinsu ya ɓata, a ba su sabon sim mai ɗauke da lambarsa. Daga wannan lokaci duk lambar sirri da banki ya aiko hannunsu take zuwa. Wani abokin hulɗarmu da ya karɓi kuɗi masu yawa ya ga layinsa ya ɗauke da daddare, ya ɗauka matsalar sabis ce, kafin gari ya waye an yi wa asusun mummunar ɓarna. Idan layinka ya mutu haka kawai, a take ka nemi wata wayar ka kira bankinka a toshe asusun.

Kada kuɗin su shiga asusun da kake harkar yau da kullum da shi, wanda lambarsa take hannun mutane da dama. Ka buɗe sabo, ka haɗa shi da sabon layi da sabon imel da ba wanda ya sani, kada ka karɓi katin cirar kuɗi a kansa, kada kuma ka sa manhajarsa a wayar da kake yawo da ita, domin wanda ya tare ka a hanya zai iya tilasta maka ka buɗe ta. Ka tambayi iyakar abin da inshorar ajiya ke biya idan banki ya durƙushe. A Amurka, alal misali, hukumar FDIC tana lamunce dala 250,000 ga mai ajiya a kowane banki, kusan kowace ƙasa mai irin wannan tsari kuma tana da nata iyakar, shi ya sa ake raba manyan kuɗi a banki fiye da ɗaya. Sannan kada ka yi wa kowa alkawari bisa adadin da aka rubuta a ƙaton cekin, sai ka san abin da haraji zai ci. A Amurka ana cire kashi 24 cikin ɗari tun kafin kuɗin su iso hannun mai su, a Birtaniya kuwa ba a cire haraji daga kyautar kanta.

Ɗalibin Jami'a

Ƙarin bayani kaɗan, yayana. Bayan an sanar da sunan kawuna, wasu sun kira shi da sunan kamfanin suna cewa sai ya biya kuɗin tantancewa kafin a saki ragowar kyautar, kuma sun san adadin da ranar bikin saboda duk an buga. Ya kashe wayar ya kira lambar da ke kan takardarsa ta asali, aka ce masa ba su san da zancen ba.

Dattijo Mai Ritaya

Yarana, duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma kun fi mai da hankali ga baƙo, alhali da ɗan gari akan ci gari. Aminina na shekaru masu yawa ya samu irin wannan arziki, kuma ba ɗan fashi ne ya raba shi da shi ba. Mutanen da yake cin abinci da su ne, kowa ya zo da sana'ar da za ta ninka kuɗin, shi kuma kunya ta hana shi cewa a'a, har ya sa hannu a takardar da ta ba wani ikon juya dukiyarsa. Na ga yadda ya ƙare yana bin mutane bashin da ba shaida ba rubutu, zumuncin ma da ya yi domin a kiyaye shi bai tsira ba. A jihar Florida ta Amurka an yi wanda ya fi wannan muni. Abraham Shakespeare ya ci dala miliyan 30 a 2006, masu roƙo suka yi masa caa, sannan wata mata, Dorice Moore, ta kusance shi da sunan za ta rubuta labarinsa ta kuma taimaka masa ya adana abin da ya rage. Dukiyar ta koma hannunta, shi kuma ya ɓace a 2009, aka tono gawarsa ƙarƙashin daɓen siminti a Janairun 2010, kotu ta yanke mata ɗaurin rai da rai a 2012.

Ba ina cewa ka hana 'yan'uwanka ba, Allah ya kiyaye, alheri ga dangi wajibi ne. Ka ware kaso sananne na taimako tun farko, ka fara da waɗanda kai ka san halin da suke ciki ba sai sun roƙa ba, idan kason ya ƙare ya ƙare. Duk wanda ya zo da maganar zuba jari ka ce masa kuɗin suna ajiyar da ba a taɓawa sai bayan wani lokaci, ka kuma sa hakan ya zama gaskiya ta hanyar ajiye su a irin wannan asusu, don kada ka yi ƙarya. Magana zarar bunu ce, adadin kuɗin nan idan ya fita daga bakinka sau ɗaya ba ka da ikon mayar da shi.

Malamar Makaranta

Baba, ina neman afuwa, zan ɗan ja da wani ɓangare na maganar ɓoyewa, domin mu mun ga ɗaya gefen. Mahaifinmu ya ɓoye abin da ya samu har ga mahaifiyarmu, ya rasu ba zato, muka shafe lokaci mai tsawo muna yawo tsakanin bankuna da kotu kafin mu san inda dukiyar take, kuma muna da dalilin zaton cewa akwai abin da har yanzu ba mu gano ba. Ɓoye wa duniya daban, ɓoye wa matar da za ta riƙe yaranka idan ta Allah ta kasance daban. Ita ce ma za ta fi kiyaye sirrin idan ta fahimci cewa tsaron 'ya'yanta ya rataya a kansa. Ɗan'uwa, ka zaunar da ita ku yi magana, ku amince a kan abin da za ku faɗa wa mutane don kada bakinku ya saɓa, ka rubuta wasiyya da jerin asusunka ka ajiye wurin lauya. Yara ƙanana kuwa kada a faɗa musu komai, domin abin da suka ji a gida shi suke kaiwa filin wasa.

Dattijo Mai Ritaya

Kin yi gaskiya, 'yata, na karɓi gyaran. Mata da lauya su sani, sauran jama'a kuma a bar su da abin da ya bayyana.

Mai Neman Shawara

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na riga na nemi takardar sharuɗɗan. Saura tambaya ɗaya: ranar karɓar kanta, me ya kamata in kiyaye?

Tsohon Ma'aikacin Banki

Malam, ka tabbatar tun kafin ranar cewa ta banki za a tura kuɗin kai tsaye zuwa sabon asusun, kada ka yarda ka fito daga wurin da tsabar kuɗi ko cekin da za a iya ƙwacewa. Ka je da lauyanka, ka bar yara a gida, kada ka shiga motar da aka san ka da ita, kuma idan an tashi kada ka wuce gida kai tsaye. Idan da hali, iyalinka su kwana a wani wuri a kwanakin farko bayan sanarwar, domin a lokacin ne idanu suka fi yawa a kanku. Bayan haka ka ci gaba da zuwa aikinka, ka jinkirta sayen duk abin da za a hango daga titi, ka gyara makullai da fitilun waje ba tare da ka mai da gidan abin kallo ba. Ɗabi'ar yawo da kuɗi kuma ka nisance ta gaba ɗaya. Jack Whittaker na jihar West Virginia ta Amurka, wanda ya ci kusan dala miliyan 315 a Disambar 2002, an san shi da ajiye jakar kuɗi a mota, a 2003 aka fasa motar aka ɗauki dala 545,000, a farkon 2004 kuma aka sake fasa ta. Idan wani ya kira ka da barazana ko ka lura ana bibiyar ka, ka adana lambar da saƙon, ka kai rahoto ga 'yan sanda tare da lauyanka a ranar, kada ka shiga ciniki da mai barazanar kai kaɗai.