Wai shan zinc kullum yana ƙara garkuwar jiki?

Alhaji na Mile 12: Salamu alaikum jama'a. Ni fa tun korona 2020 nake shan zinc mai 50mg kullum, kuma wallahi damina biyu kenan ko mura ban yi ba duk da dukan ruwan da muke sha wajen sauke tumatir da asuba. Kowa ya nema ya ajiye a gida.

Anti Nas: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka yi haƙuri amma 50 kullum ya yi yawa. Namiji 11mg yake buƙata a rana, mace 8mg, kuma iyakar babba 40mg ne. In aka daɗe ana wuce haka yana hana jiki ɗaukar sinadarin kofa (wato jan ƙarfe), sai ƙarancin jini ya biyo baya, ƙafa ta fara sagewa kamar ba taka ba, garkuwar da kake nema ma ita ce za ta yi ƙasa.

Alhaji na Mile 12: To ai a asibiti ma ana bayarwa ƙanwata

Anti Nas: Ana bayarwa, ga yaro mai gudawa, 20mg na kwana 10 zuwa 14 tare da ORS (ruwan gishiri da sikari), in bai kai wata shida ba 10mg. Wannan magani ne mai ranar dainawa.

Maman 'yan biyu, Agege: Gaskiyar Anti ne. Ni wata ce ta sayar min da kwalba uku a gidan biki wai masu wanke jini da ƙara garkuwa, ko lambar NAFDAC babu a jiki, na sha da safe ban karya ba, kafin danfo ya kai Oshodi amai ya taso min sai da na sauka a hanya.

Malam mai shayi, Obalende: To na ƙarin jini fa? Matata shi take sha da shayi kullum

Anti Nas: Malam a raba su, shayi yana hana ayon (sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin) shiga jiki sosai, ta bari sai bayan awa biyu. Mai sikila kuma kar ya taɓa maganin ƙarin jini sai likita ya auna jininsa. Alhaji kai da kake cin balangu da wake da miyar agushi, zinc ɗin yana nan cikin kwanonka.

Alhaji na Mile 12: Ni dai jikina ya gaya min yana aiki, ban yarda duka ba. Amma zan ajiye mai 50 ɗin, ranar Litinin in na shigo Idi-Araba zan tsaya a auna jinin mu gani.