Sabarmu ta daina gane sunayen shafuka duk sanda aka sake kunna ta

Salam 'yan uwa, don Allah masu Linux ku kawo min ɗauki, abin nan ya isheni wallahi.

Akwai wata 'yar saba (wato kwamfutar server) da nake kula da ita a shagonmu nan Kawo, Ubuntu 22.04 ce a kai. Shekaranjiya aka ɗauke wuta, batirin inbata ya mutu, da ta dawo sai apt update (umarnin sabunta jerin manhajoji) ya ƙi, ping google.com ma sai ya ce "Temporary failure in name resolution", amma in na yi ping 8.8.8.8 yana tafiya lafiya lau, kenan intanet ɗin na nan, DNS ne, wato abin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar IP, ya ƙi.

Na buɗe /etc/resolv.conf, fayil ɗin da ake rubuta adireshin DNS a ciki, na tarar da nameserver 127.0.0.53 kawai, na goge na sa 8.8.8.8, nan take komai ya dawo, har na ce wa oga an gama. Ina sake kunnawa, sai ga 127.0.0.53 ɗin ya dawo abinsa kamar ban taɓa shi ba. Sau uku kenan. resolvectl status kuma bai nuna wani DNS a kan eno1 (katin network ɗin sabar) ba.

Ni dai ina zargin netplan, abin da ake saita network da shi a Ubuntu, domin IP ɗin da hannu na sa shi tun farko, kuma da na duba fayil ɗin netplan ɗin babu layin nameservers sam. To a can zan ƙara shi in yi netplan apply, ko in kashe systemd-resolved, mai kula da DNS a Ubuntu, gaba ɗaya? Tsorona ta SSH (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) nake shiga daga gida Tudun Wada, kar in taɓa abu ta kulle ni a waje in kama neman keke da daddare.